Wanda Ya Faɗi, Har Yanzu Ɗan'uwa Ne

A farkon shekara ta 250 miladiyya, sarkin daular Rum mai suna Desiyus ya fitar da wata doka wadda ba a saba ganin irinta ba. Kowane mazaunin daular, namiji da mace, sai ya je gaban jami'an hukuma ya miƙa hadaya ga allolin Rum, ya ɗanɗani naman hadayar a kan idonsu, sannan a rubuta masa takardar shaida cewa ya yi. Har yau akwai irin waɗannan takardu fiye da arba'in da aka tono a ƙasar Masar, ɗauke da sunayen masu su da sa hannun jami'ai, da kwanan wata na Yuni da Yuli na wannan shekara. Ga mai bautar gumaka abin bai wuce aikin hantsi ɗaya ba. Ga Kirista kuwa musun Almasihu ne a bainar jama'a, wanda ya ƙi kuma kurkuku na jiransa, ko azaba, ko ƙwace dukiya, ko mutuwa. Fabiyan, bishof na birnin Roma, ya rasa ransa tun a watan Janairu. A Kartaj, babban birnin lardin Afirka na Rumawa, wanda kufansa ke gefen Tunis ta yau, bishof Sifiriyan ya ɓuya yana tafiyar da ikkilisiya ta hanyar wasiƙu. Abin da ya rubuta daga baya game da mutanensa yana da ɗacin karantawa. Da yawa ba su ma jira an kama su ba, da ƙafafunsu suka garzaya dandalin birni, har da yamma ta yi jami'ai suka ce a dawo gobe, sai wasu suka riƙa roƙon kada a ɗage musu. Iyaye sun tafi da jariransu a hannu. Wasu masu hali ba su yi hadayar ba, sun dai ba da toshiyar baki an rubuta musu takardar.

Tsananin bai daɗe ba. Kafin tsakiyar 251 ya lafa, Desiyus kansa ya mutu a fagen yaƙi. Tun kafin ya gama lafawa, sai ga waɗanda suka faɗi sun dawo ƙofar ikkilisiya, jama'a tuli, suna neman a mayar da su teburin Ubangiji. A cikin majami'ar kuwa ga matan da aka kashe mazajensu saboda sun ƙi yin abin da waɗannan suka yi, ga masu tabon bulala da na sarƙa a jiki. Tambayar da ta tsaya a gaban shugabanni a ranar ita ce wadda ke tsayawa a gaban dattawan kowace ikkilisiya har gobe: yaya za a yi da ɗan'uwan da ya yi zunubi, zunubin kuwa kowa ya gani, ba shi da ta cewa? Na ɗauko tarihin Kartaj ne domin a nan aka gwada tambayar a kan laifin da ya fi kowane nauyi a idon masu bi, kuma abin da ya tabbata a kan babba ya isa ya zama ma'auni a kan ƙarami. Hujjar da nake so in kafa ita ce, Kirista yana da ikon tsawata wa ɗan'uwansa, ikkilisiya kuma tana da ikon hore shi, amma an ba da wannan iko ne domin a dawo da shi. Duk horon da aka yanke ba tare da an shata hanyar dawowa ba ya wuce gona da iri, ya fita daga abin da aka ba ikkilisiya izini a kai, ko da laifin ya kai musun Ubangiji.

Amsa ta farko da ta bayyana a Kartaj ita ce ta sassauci. Waɗanda suka sha ɗauri saboda bangaskiya suna da kwarjini ƙwarai a idon jama'a, sai masu laifi suka riƙa bin su kurkuku suna karɓar wasiƙun ceto. Wasiƙun suka yi yawa har aka daina ambaton sunaye, ana rubuta cewa a karɓi wane da mutanensa, wanda zai iya zama mutum ashirin ko talatin da ba wanda ya tambaye su komai. Wani daga cikin ɗaurarrun, Lukiyan, ya kai ga rubuta takarda guda da sunan dukansu yana yafe wa kowa da kowa. Wani dikon mai suna Filisisimus ya tara ƙungiya a kan wannan ra'ayi. Sifiriyan ya ƙi, kuma ina ganin gaskiya ce da shi. Mutumin da ya tsaya gaban gunki jiya, yau ya miƙa hannu ya karɓi jibin Ubangiji ba tare da ya furta da bakinsa cewa ya yi laifi ba, an cuce shi ne ko da ya ɗauka an taimake shi. An hana shi damar duban abin da ya aikata ido da ido, an kuma koya wa na baya cewa musun Almasihu abu ne da takardar sanayya ke gogewa. Masu cewa ƙauna ba ta tambaya sun manta cewa wanda bai damu da kai ba shi ne ba ya tambayarka. Saboda haka duk abin da zan faɗa a gaba, kada a ɗauke shi a matsayin kiran a kau da kai daga zunubi.

Amsa ta biyu ta fito ne daga Roma, kuma ta fi ta farko haɗari domin ta fi kama da tsoron Allah. Da aka zaɓi Karniliyus bishof a watan Maris na 251, wani limami masani mai suna Nobatiyan ya ƙi amincewa da shi, ya sa aka naɗa shi kishiyarsa. Nobatiyan ba jahili ba ne, littafin da ya rubuta a kan Triniti yana nan har yau. Matsayinsa shi ne wanda ya yi hadaya ga gunki ba zai ƙara komawa teburin Ubangiji ba har abada, ko yana kan gadon mutuwa. Ya tuba, ya yi kuka, ya yi azumi, wataƙila Allah ya ji ƙansa a ranar shari'a, amma ikkilisiya ba ta da ikon buɗe masa ƙofa. Mabiyansa suka riƙa kiran kansu masu tsarki. Kuma suna da ayoyin da suke kafa hujja da su. A Bisharar Matiyu sura 10 Yesu ya yi gargaɗin cewa wanda ya yi musunsa a gaban mutane shi ma zai yi musunsa a gaban Ubansa, a Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa sura 6 kuma akwai magana mai firgitarwa a kan waɗanda suka ɗanɗana baiwar Allah sannan suka juya baya. Wanda bai taɓa jin nauyin waɗannan ayoyi ba bai kamata ya yi saurin zagin Nobatiyan ba.

Bishof-bishof na Afirka suka taru a Kartaj a 251 suka bi wata hanya dabam, mai wuya fiye da biyun nan, domin tana bukatar a zauna da mutum ɗaya-ɗaya. Wanda ya sayi takarda bai yi hadaya ba, a bincika lamarinsa a karɓe shi. Wanda ya yi hadayar da hannunsa, ya shiga doguwar tuba, amma idan ciwon ajali ya kama shi a sulhunta shi kafin ya cika. A wata wasiƙa da Sifiriyan ya aika wa wani bishof mai suna Antoniyanus, wanda ra'ayin Nobatiyan ya fara jan hankalinsa, ya bayyana dalili filla-filla. Ya ce ba daidai ba ne a ɗora mutum biyu a sikeli ɗaya alhali ɗaya ya ruga da son ransa, ɗayan kuwa sai da aka daɗe ana gana masa azaba jikinsa ya gaza. Ko wanda ya tura matarsa da 'ya'yansa gaban gunki, da wanda ya je shi kaɗai domin ya kāre su, har ya ɓoye 'yan'uwa masu gudun hijira a gidansa. Sannan ya kawo misalin da ya karya ƙashin bayan hujjar Nobatiyan. Ce wa mutum ya tuba alhali ka riga ka yanke cewa ba za a karɓe shi ba, kamar ce wa manomi ne ya yi sharar gona, ya yi huɗa, ya yi noma da dukan ƙarfinsa, amma ya sani ba zai girbe ko zangarniya ɗaya ba. Ba manomin da zai fita da fartanya a kan wannan sharaɗi. Mai laifin da aka yanke masa ƙauna, abin da zai yi shi ne ya koma inda ya fito da zuciya ɗaya, ya tafi da iyalinsa. Tsananin da aka yi domin a tsare tsarkin ikkilisiya sai ya ƙare da cika haikalin gumaka.

Ba a daɗe ba aka ga alamar wani sabon tsanani na tafe, sai bishof-bishof ɗin suka sake zama suka yanke abin da mai tunanin Nobatiyan ba zai taɓa fahimta ba. Suka ce a karɓi duk masu tuba yanzu, kada a jira gadon mutuwa, domin ba a tura mutum fagen fama da yunwa. Wanda ake so ya zub da jininsa saboda Almasihu gobe, ba a hana shi ƙoƙon Almasihu yau. Wannan ya nuna yadda suka ɗauki jibin Ubangiji: abinci ne na mai rauni domin ya samu ƙarfi, kafin ya zama lada ga wanda ya yi nasara. Kuma suna da shaida a hannu cewa wanda ya faɗi sau ɗaya yana iya tsayawa a karo na biyu. Sifiriyan ya ambaci mutum biyu, Kastus da Emiliyus, waɗanda suka ji tsoron wuta da farko suka yi musu, aka sake kama su, suka mutu a cikinta suna shaida. A Iskandariya kuma bishof Diyonisiyus ya ba da labarin wani tsoho mai suna Sarafiyon, wanda ya yi rayuwa ba abin zargi har tsufa sannan ya faɗi a lokacin gwajin. Ya yi ta roƙo ba wanda ya kula shi. Da ciwo ya kwantar da shi, ya aiki jikansa da dare wurin limami, limamin kuwa ba shi da lafiya, sai ya ba yaron ɗan gutsuren gurasar jibi ya kai masa. Tsohon ya haɗiye, ya cika. Abin da ke taɓa ni a labarin shi ne tsawon lokacin da dattijon nan ya yi yana roƙo a tsakiyar mutanen da suka san shi, ba wanda ya ce masa uffan.

Shin Kartaj ta yi wa Littafi Mai Tsarki karan tsaye ne domin ta sami sauƙi? Duba inda aka ajiye koyarwar horo a Bisharar Matiyu sura 18. Matakan sanannu ne: ka je wurin ɗan'uwanka ku biyu kaɗai, in ya ƙi ka tafi da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi a gaya wa ikkilisiya, in ya ƙi jin ikkilisiya a ɗauke shi kamar bare. Amma abin da ya zo daf kafin wannan shi ne misalin makiyayin da ya bar tumaki casa'in da tara ya tafi neman ɗaya, abin da ya biyo baya kuma shi ne tambayar Bitrus a kan sau nawa zai yafe, da misalin bawan da aka yafe masa bashi mai yawa ya shaƙe abokinsa a kan kaɗan. An kewaye horon da nema a gaba, da gafara a baya. Manufar matakin farko ma an faɗe ta a fili, wato ka samo ɗan'uwanka, kuma kowane mataki an tsara shi ne domin maganar ta tsaya a kunnuwa kaɗan gwargwadon iko. Manzo Bulus, wanda masu tsanani ke yawan jingina da shi, ya umarci Korintiyawa su fitar da mutumin da ke zama da matar ubansa, amma a cikin jumlar umarnin ya ce manufar ita ce a ceci ruhunsa. A wasiƙarsa ta biyu zuwa gare su ya yi maganar wani da jama'a suka hora, ya ce horon ya isa haka, su yafe masa su ta'azantar da shi kada baƙin ciki ya haɗiye shi, ya kuma yi kashedin cewa Shaiɗan na iya cin riba a nan. Ke nan akwai tarkon Shaiɗan a cikin zunubi, akwai kuma wani a cikin horon da ya ƙi ƙarewa. Ga Galatiyawa ya ce a maido da wanda aka kama da laifi cikin tawali'u, mai maidowar yana lura da kansa. Ga Tasalonikawa ya ce ko wanda aka ƙaurace wa kada a ɗauke shi abokin gāba, a gargaɗe shi a matsayin ɗan'uwa. Ayar Ibraniyawa kuwa tana magana ne a kan wanda ya juya baya yana wulaƙanta Ɗan Allah, zuciyarsa ta ƙeƙashe. Mutumin da ke tsaye a bakin ƙofa yana kuka a bar shi ya shigo, kukansa ya isa shaida cewa ba shi ake nufi ba. In da musu ɗaya ya isa ya rufe ƙofa har abada, da Bitrus, wanda ya yi sau uku a dare ɗaya har da rantsuwa, bai yi wa'azin ranar Fentikos ba.

Wannan tarihi ba na nesa ba ne ga Kiristocin arewa maso gabashin Nijeriya. A daren 14 ga Afrilu 2014 'yan Boko Haram suka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok, yawancinsu Kiristoci, da yawa 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN. Wata guda bayan haka duniya ta ga da yawa daga cikinsu a bidiyo an ce sun sauya addini. An sako 21 a Oktoba 2016, aka sako 82 a Mayu 2017, ban da su kuma akwai mata da maza da yara masu ɗimbin yawa daga Gwoza da Madagali da Michika da ƙauyukan da ke kewaye, waɗanda ba wanda ya san sunayensu, suka dawo daga daji wasu da goyo a baya. A nan dole a yi amfani da sikelin Sifiriyan, a kuma wuce inda ya tsaya. Yarinyar da aka yi wa auren dole da bakin bindiga ba ta yi zunubin da za ta tuba a kai ba, ita aka yi wa laifi, ɗan da ta haifa kuma ba shi da alhakin ubansa. Wanda ya furta kalma da wuƙa a wuya, idan lamirinsa na damunsa, yana bukatar fasto mai sauraro ne fiye da kwamitin bincike. Maƙwabtanmu Musulmi sun san wannan bambanci a addininsu: labarin Ammar ɗan Yasir, wanda aka azabtar a Makka har ya faɗi abin da ba shi ne a zuciyarsa ba, sananne ne, aya ta 106 ta Suratun Nahli kuma ta ɗauke laifi daga wanda aka tilasta alhali zuciyarsa na natse da imani. Abin kunya ne a ce wanda ya tsira daga hannun masu kisa ya iso gida ya tarar ana janye yara daga kusa da shi, ana raɗa idan ya shigo sujada.

Akwai wanda zai ce, to waɗanda suka tsaya fa? Leah Sharibu, wadda aka sace a Dapchi a Fabrairu 2018, abokan karatunta da aka sako sun ba da labarin cewa an riƙe ta ne saboda ta ƙi barin bangaskiyarta. Rabaran Lawan Andimi na EYN, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika, an kashe shi a Janairu 2020. Idan wanda ya ba da kai zai zauna a teburi ɗaya da wanda ya ba da rai, ashe ba a arha da jinin shahidai ba? Wannan ƙorafi yana fitowa daga zuciya mai ciwo, ba na raina shi. Amma tarihi ya nuna cewa ba shahidan ne suka fi yin sa ba. A shekara ta 177 aka yi wa Kiristocin Liyon, a Faransa ta yau, mummunan tsanani, wajen mutum goma suka yi musu da farko. Wasiƙar da ikkilisiyar ta rubuta, wadda masanin tarihi Yusibiyus ya adana, ta ce waɗanda suka tsaya ba su yi wa waɗanda suka faɗi gori ba, sun yi ta zub da hawaye suna roƙon Allah dominsu a cikin kurkukun, har yawancinsu suka farfaɗo suka yi shaida da aka sake gurfanar da su. A cikinsu akwai wata mata mai suna Biblis, wadda ta dawo da shaidarta ana tsakiyar gana mata azaba. A Kartaj ma laifin ɗaurarrun shi ne yawan sassauci. Wanda ya shiga wutar ya san yadda take, ya san da kyar ya sha, kuma ya san ba ƙarfinsa ne ya tsayar da shi ba. Zafin hukunci ya fi yawa a bakin wanda ba a taɓa gwada shi ba. Darajar shahidi kuwa ba ta raguwa don an ji ƙan mai rauni, tun da Ubangijin da ya mutu dominsa shi ne ya nemi Bitrus a bakin teku ya ba shi karin kumallo.

Sai dai yawancin horon da ake yi a majami'unmu bai shafi bindiga ba. Yarinya ce 'yar ƙungiyar mawaƙa cikinta ya fito kafin aure. A karanta sunanta ranar Lahadi, a hana ta jibi, a mayar da ita bencin baya. Ban ce a daina horo a kan fasikanci ba, amma akwai tambayoyin da dattawa ba sa son a yi musu. Ina namijin? Ciki ba ya ɓoyuwa, shi ya sa mace ke ɗaukar kunyar mutum biyu, tun zamanin matar nan da aka jawo gaban Yesu ita kaɗai a Bisharar Yohanna sura 8 alhali an ce an kama ta a cikin aikin. Ina ɗan kasuwar da ya danne haƙƙin ma'aikatansa amma ya ba da buhunan siminti na ginin majami'a? Ina mai dukan matarsa, da mai raba kan jama'a da ƙabilanci lokacin zaɓen shugabanni? Jerin laifuffukan da Bulus ya kawo wa Korintiyawa ya haɗa mai haɗama da mai zage-zage da mazambaci a layi ɗaya da fasiki. Yaƙub ya la'anci fifita mai zoben zinariya a wurin zama, Bulus kuma ya gaya wa Timoti cewa dattijon da ya nace da zunubi a tsawata masa a gaban kowa, kada a yi tara. Idan bencin baya na talakawa ne da 'yan mata kaɗai, matasa suna gani, kuma darasin da suke ɗauka shi ne ɓoye laifi ya fi furta shi, har wata ta gwammace ta zubar da cikin a asirce ta ci gaba da waƙa a gaba. Abu na biyu da ya fi wannan muni shi ne shirun da ke biyo bayan sanarwa. Watanni su shuɗe ba dattijon da ya taka gidansu, ba 'yar zumuntar mata da ta zauna da ita, ba wanda ya gaya mata abin da ake jira ta yi ko ranar da za a sake duba maganarta. Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wanda aka sa a horo ya kamata ya fi kowa samun baƙi a ikkilisiya, domin shi ne marar lafiyar gidan.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi a kan duk abin da na faɗa yana fitowa ne daga waɗanda aka zalunta. Sau da yawa kalmar gafara ta zama murfin rufe bakin mai kuka: malamin da ya lalata yarinya, ko ma'ajin da ya cinye kuɗin baiko, a ce ai ya tuba, a rufa asiri saboda sunan Ubangiji, a matsa wa iyayen yarinyar su yafe, a sauya masa wurin aiki ya je ya sami sababbin waɗanda zai cuta. Idan wannan ne ake nufi da maido da ɗan'uwa, gara tsananin Nobatiyan. Amma Kartaj ta raba abu biyu da muke yawan cakuɗawa, wato komawa teburi da komawa kujera. Wasu bishof biyu na ƙasar Sifen, Basilidis da Marshiyal, sun karɓi takardar hadaya, daga baya suka nemi komawa muƙaminsu. Sifiriyan da takwarorinsa suka amsa cewa ƙofar tuba a buɗe take gare su kamar kowa, amma shugabanci ya wuce su. Gaskiya ne Yesu ya mayar da Bitrus aikin kiwon tumaki, sai dai laifin Bitrus tsoro ne, bai ci tumakin ba, wanda ya mayar da shi kuma yana ganin zuciya, mu ba ma gani. Wanda ya yi amfani da amana ya cuci marar ƙarfi, ƙaunar da za a nuna masa ta haɗa da nisanta shi da abin da ya kayar da shi. Laifin da doka ta hana kuwa, kamar fyaɗe da sata, a kai shi ga hukuma, domin Wasiƙa zuwa ga Romawa sura 13 ta ce mai mulki bawan Allah ne a kan masu mugunta, majalisar dattawa ba ta da hurumin yafe abin da yake na kotu. Tuba ta gaskiya ba ta gudun biyan diyya. Zakka mai karɓar haraji da ya tuba, da bakinsa ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu. Ana iya kai wa mutum jibin Ubangiji a gidan yari, kuma wannan ma maidowa ce.

Saura masu cewa ikkilisiyar da ke zaune a tsakiyar waɗanda ba Kiristoci ba dole ta tsare sunanta, kada a ce gidan masu zunubi ce. Afirka ta Arewa ta gwada wannan ma. Bayan tsananin da sarki Diyokiltiyan ya fara a 303, mabiyan Donatus suka ɓalle a kan zargin cewa wasu shugabanni sun miƙa littattafai masu tsarki an ƙone, suka ce su ne ikkilisiyar tsarkaka. Aka wayi gari a gari ɗaya bishof biyu, majami'a biyu, dangi ba sa cin jibi tare, har fiye da shekara ɗari. A taron da aka yi a Kartaj a 411 domin sasantawa, bishof fiye da ɗari biyar ne suka zauna daga ɓangarorin biyu. Abin da na waje suka gani a wannan tsawon lokaci gāba ce, ba su ga tsarki ba. Majalisar Nikiya ta 325, wadda ta tsara ƙa'idar bangaskiyar da Katolika da Angilikan da sauran manyan ikkilisiyoyi ke riƙe da ita, ta riga ta yanke hukunci a kan mabiyan Nobatiyan: limamansu na iya dawowa, bisa sharaɗin su rubuta da hannunsu cewa za su yi tarayya da waɗanda suka faɗi lokacin tsanani suka tuba. Ƙin zama da mai tuba shi kansa aka lissafa a matsayin abin da sai an tuba daga gare shi.

A Kartaj, ranar da mai tuba ya cika lokacinsa, yakan furta laifinsa, sannan bishof da limamai su ɗora masa hannu a gaban jama'a kafin ya matso teburi. Dawowar tana da rana da shaidu kamar yadda fitar take da su. Wannan ne ya fi ƙaranci a wurinmu, inda ake shelar horo da babbar murya, a sauke shi a ofishin fasto ba wanda ya ji, mutum ya ci gaba da yawo da tambarin har tsufa. Dattawan da za su sa wani a horo, kafin su tashi daga zaman ya kamata su rubuta sunan wanda zai riƙa ziyartarsa, da abin da ake so a gani a rayuwarsa, da ranar da za a sake zama. In kuwa daga kan mumbari aka karanta sunan yarinya ranar da aka hore ta, daga kan wannan mumbarin za a karanta shi ranar da aka karɓe ta, fasto ya kama hannunta a gaban waɗanda suka ji sanarwar farko, ya kuma gaya musu cewa daga yau duk wanda ya ƙara tayar da maganar, shi dattawa za su kira.